LOKACI JARI NE: NASIHA GA 'YAN KASUWARMU NA TAMBUWAL DA KEBBE



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Wanda Ya sanya mana dare mu huta, Ya sanya mana yini mu nemi abinci. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), wanda aka sani da amana a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan uwa, akwai wani kuka da ya yi yawa a bakin 'yan kasuwarmu, daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, Sanyinna, Jabo, har Kebbe da Kuchi. Mutum zai tare ka bayan sallah ya ce: "Liman, wallahi tun da sahe nike tsaye har dare, amma in wata ya ƙare ban ganin komi. Ko dai hannu anka sa mani?" Wani kuma in ka tambaye shi dalilin da ya sa ba a ganinsa a sahu, ko a wurin karatu tsakanin Magariba da Isha'i, amsarsa ɗaya ce: "Ban da lokaci."

Tsadar rayuwa gaskiya ce. Matsalar tsaro ma gaskiya ce, domin ta gajarta wa ɗan kasuwa yininsa: hanyar da a da ake bi bayan Magariba, yau mai hankali yana son ya baro ta tun rana na sama. Waɗannan ba a hannunmu suke ba, sai addu'a da kira ga shugabanni su sauke nauyin da ke kansu. Amma akwai wani ɓangare da ke hannunmu, kuma a kansa za a tambaye mu ranar Alƙiyama. Shi ne: awa 24 ɗin da Allah Yake ba kowa a kullum, ina muke zuba su, kuma wane aiki muke ba mafi kyawunsu?

KALMAR DA ANNABI (SAW) YA ZAƁA

Imamul Bukhari ya ruwaito hadisi daga Abdullahi ɗan Abbas (RA) a kan ni'imomi biyu da mutane da yawa suke tafka hasara a cikinsu, wato lafiya da sararin lokaci. Kowa ya san hadisin. Abin da nake so mu lura da shi shi ne kalmar da aka yi amfani da ita: *magbun*. Tun muna jami'a a sashen Larabci malamanmu suke jan hankalinmu a kanta, domin kalma ce ta kasuwa. A Larabci, magbun shi ne wanda aka kwara a ciniki: ya sayar da abu mai daraja da arha, ko ya sayi abin banza da tsada.

Ka ga ke nan lafiyarka da lokacinka su ne uwar kuɗinka. Kowace safiya ana danƙa maka jari, kowane dare an rufe ciniki. Bambancinsa da kuɗi shi ne, in ka faɗi a buhun gero bana kana iya mayarwa baɗi, amma ranar Talatar da ta wuce ba ta dawowa ko da za ka ba da dukan abin da ka mallaka. Kuma abin mamaki, mutumin da ba zai yarda a cuce shi naira ɗari a awon mudu ba, shi ne zai bar awa uku ta zube a majalisa bai ji komai ba.

Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya nuna cewa bawa ba zai gusa daga matsayarsa ranar Alƙiyama ba sai an tambaye shi rayuwarsa a me ya ƙarar da ita, da dukiyarsa ta ina ya same ta kuma a ina ya kashe ta. Ɗan kasuwa ya duba da kyau: tambayar lokaci da tambayar dukiya a zama ɗaya za su zo masa.

ADDINI DA KANSA A JERE YAKE

Fifita wani aiki a kan wani ba dabarar Turawa ba ce. Lokacin da Annabi (SAW) ya aiki Mu'azu ɗan Jabal (RA) zuwa Yaman, bai zuba masa komai a lokaci guda ba. Ya ce ya fara da tauhidi, in sun karɓa sai sallah, in sun karɓa sai zakka. Farilla tana gaban nafila. Farillar da ke kan kowane mutum tana gaban wadda in wasu sun yi ta faɗi a kan sauran. Wanda ya kwana yana nafila ya makara sallar Asuba, bai yi fiƙihu ba.

To haka ranar ɗan kasuwa ya kamata ta zama. Abu na farko da ake warewa shi ne haƙƙin Allah, domin ba ya cikin lissafin riba da faɗuwa. Salloli biyar, in ka ba kowace minti 20 har da alwala da zuwa masallaci, ba su kai awa biyu ba a cikin 24. Duk wanda ya ce kasuwa ta hana shi sallah, ya duba da kyau, galibi ba kasuwar ba ce, rashin tsari ne.

Ku tuna abin da ya faru a Madina. Annabi (SAW) yana tsaye yana huɗubar Juma'a sai ayarin fatake ya iso, mutane suka fita suka nufe shi, ba wanda ya rage sai mutum 12. A kan haka ayar ƙarshe ta Suratul Jumu'a ta sauka. Surar ta umurci a bar ciniki in an kira sallar Juma'a, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya cinikin da aka ƙulla bayan kiran sallah na biyu ɓatacce ne, warware shi ake yi. Amma ita dai wannan surar ce ta ce in an idar a watsu a nemi falalar Allah. Ba ta ce a zauna a ƙofar masallaci ana hira har La'asar ba. Lokacin sallah na sallah ne, lokacin nema na nema ne.

Bayan haƙƙin Allah sai aikin da ke ciyar da gidanka. Ciyar da iyali wajibi ne, don haka sana'ar da ke kawo abincin gida tana gaban taron siyasa, tana gaban rakiyar ango, tana gaban gardamar ƙwallo. Ba na cewa a yanke zumunci. Hadisi ya tabbata cewa sada zumunci yana buɗe arziki. Amma ta'aziyya addu'a ce da ban haƙuri, ba wai sai ka rufe rumfa ka wuni a kan tabarma ba. Ka je, ka yi addu'a, in akwai abin da za ka taimaka da shi ka taimaka, ka koma bakin nemanka.

SAFIYA ITA CE KAN KASUWA

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga wani sahabi, Sakhrul Gamidi (RA), cewa Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Shi Sakhru ɗan kasuwa ne. Da ya ji haka sai ya mayar da tura hajarsa da farkon yini, kuma ruwayar ta ce ya yi arziki, dukiyarsa ta yawaita. Ya ji hadisi, ya sauya tsarin kasuwarsa saboda shi.

Haka Abdurrahman ɗan Aufu (RA). Ya iso Madina hannu rabbana. Sa'adu ɗan Rabi'u (RA) ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi masa addu'a ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Aka nuna masa kasuwar Ƙainuƙa'a. Ranar farko ɗan cuku da man shanu ya dawo da su. Abin da ruwayar Bukhari ta ƙara shi ne ya lizimci fita da safe kullum, kuma ba a daɗe ba ya yi aure da sadakin zinariya.

Mu nan ba baƙon abu ba ne gare mu. Manomin gero ya san in ruwan shuka ya sauka ba a cewa sai jibi. Ya san in noman firi ya wuce lokacinsa, ciyawa ta ci rabin gonar, ko da daga baya ya kwana yana maimai. Damina a ƙasarmu gajeruwa ce, wata uku zuwa huɗu, shi ya sa manomi ba ya wasa da kwana guda. Amma shi wannan manomin, in rani ya yi ya koma kasuwa, sai ya manta da darasin. A idar da Asuba ya koma barci, ya tashi da hantsi, ya tsaya wurin mai shayi, ya isa kasuwa bayan masu sammako sun tare kayan ƙauye sun zaɓi na kirki. Shi sai ya sayi saura, da tsada, a hannun na biyu.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: aikin da ya fi kawo maka riba, shi za ka ba safiyarka, lokacin da kanka ke sake kuma jikinka ke da ƙarfi. Ƙananan hidimomi su jira bayan Azahar. In kuwa kana son safiya, dole ka sayi dare: Annabi (SAW) ya kasance ba ya son hira bayan Isha'i. Wanda ya kai ƙarfe ɗaya na dare yana latsa waya ya riga ya sayar da safiyarsa tun kafin ta zo.

ZAUNA KA YI LISSAFI

Yanzu ga inda na fi so mu tsaya. Da yawa daga cikinmu ba malalata ba ne. Matsalar ita ce hannu ya yi yawa a wurare, kuma mutum bai taɓa zama ya tantance wace sana'a ce ke ciyar da shi, wace ce shi ke ciyar da ita ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu.

Bari in buga misali, kuma alƙaluman misali ne kawai, kowa ya sa nasa. A ɗauka mutum yana da tireda a unguwa, yana sarin hatsi ranar kasuwa, da yamma kuma yana kabu-kabu.

Tireda: yana zama awa 10 a yini, ribar da ke rage masa naira 3,000. Kowace awa ta kawo 300 ke nan.

Kabu-kabu: awa 3, ya samu 4,000, mai da gyara suka ci 2,800, saura 1,200. Kowace awa 400, ga gajiya, ga haɗarin hanya.

Hatsi: yini ɗaya a mako, awa 8, bayan an cire kuɗin mota da dako da la'ada ya tsira da 20,000. Kowace awa 2,500.

In ka tambayi mutumin nan sana'arsa zai ce maka shi mai tireda ne, domin a nan yake wuni. Amma lissafi ya nuna hatsi ne ke riƙe da gidansa. Awa 60 yake ba tireda a mako ta ba shi 18,000, awa 8 yake ba hatsi ya ba shi 20,000. Me hankali zai ce? Ya sa ƙanensa ko wani amintaccen yaro a tireda, ya yanka masa haƙƙinsa a fili, shi kuma ya ƙara kasuwa ta biyu a mako, ya san manoma, ya san masu saye daga Jega da Sakkwato, ya ƙware a gane hatsi mai kyau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya ba wani aikin yi, ya kuma buɗe wa kansa ƙofa.

Haka abin yake a cikin shago ɗaya. Akwai kayan da ribarsu kaɗan ce amma ba sa kwana, akwai masu riba mai tsoka amma sai su yi kwantai. Jarin naira 100,000 a kayan da ke ba da 5,000 kuma suna ƙarewa duk mako, a wata shida ya kawo 130,000. Shi wannan jarin a kayan da ke ba da 30,000 amma sai sun yi wata shida a kan kanta, 30,000 ɗin ce kawai. Ido yana ruɗuwa da babbar riba, amma mai lissafi yana duba sau nawa kuɗin ke juyawa.

Wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Italiya, Vilfredo Pareto, wanda ya rasu a 1923, ya lura cewa kusan kashi 80 cikin 100 na filayen ƙasarsu suna hannun kashi 20 na mutane. Daga nan masana harkar kasuwanci suka ɗauki darasin cewa sau da yawa mafi yawan riba daga kaya 'yan kaɗan da abokan ciniki 'yan kaɗan take fitowa. Ba wahayi ba ne, amma ka gwada a rumfarka ka gani. Hikima kayan mumini ce, inda ya tsince ta ya ɗauka.

Wani lokaci kuma aikin da ya fi riba ba shi da hayaniya ko kaɗan. Masu albasa, mu da maƙwabtanmu na Aliero, sun san wannan. Lokacin cirar albasa farashi yana faɗuwa, sai a adana a rudu a jira ya tashi. Amma albasa ɗaya in ta ruɓe tana jan na kusa da ita. Awa biyun da za ka yi kana dubawa, kana tsince masu laushi, kana gyara inda ruwa ke shiga, ta fi maka wunin da za ka yi a tasha kana tambayar nawa buhu yake a Legas. Tsare abin da ke hannu yana gaban hangen abin da ke nesa.

Kuma duk wannan ba ya yiwuwa sai da rubutu. Littafi da biro sun isa. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa. Wannan ma ba zancen duniya kaɗai ba ne. A fiƙihun Malikiyya, ɗan kasuwar da kayansa ke juyawa kullum, wanda ake kira mudir, wajibi ne duk shekara ya yi wa kayansa kuɗi, ya haɗa da tsabar da ke hannunsa da bashin da yake sa ran za a biya shi, in sun kai nisabi ya fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Wanda bai san abin da ke shagonsa ba, ta yaya zai fitar da zakka daidai?

ƁARAYIN DA BA SA FASA ƘOFA

Na farko, bashi marar rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da sanya masa lokaci da shaidu take. Mu kuwa sai a ce "ai mun yarda da juna". Daga baya ka ga Alhaji ya rufe rumfa ya hau babur daga Tambuwal zuwa wani ƙauye bin cikon naira 15,000, ya je ba ya nan, ya koma mako mai zuwa, ya ƙone mai, ya rasa ciniki, a ƙarshe zumunci ya ɓaci. Ka rubuta, ka sa rana, ka san iyakar abin da za ka iya bayarwa. Kai kuma da ake bi, ka ji tsoron Allah: hadisi ya kira jinkirin mai hali wurin biyan bashi zalunci. Ba kuɗinsa kaɗai ka riƙe ba, har da kwanakinsa.

Na biyu, tafiya marar tsari. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama wani jari na daban. A da mutum yana iya shiga mota zuwa Sakkwato don katan biyu ya dawo. Yanzu in kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Ka tara buƙatunka su zama tafiya ɗaya. Ka buga waya ka tabbatar kayan suna nan kafin ka tashi. Inda akwai amana, ka tura kuɗi, a ba direba saƙo a tasha. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ɗaya ya je ya saro wa kowa, wani makon wani ya je. Sayyidina Umar (RA) da maƙwabcinsa Ba'ansare haka suka yi a neman ilimi: suna zaune a gefen Madina, yau wannan ya je wurin Annabi (SAW) ya dawo da labari, gobe ɗayan ya je. Ba su bar karatu ba, ba su bar nema ba, karɓa-karɓa suka yi.

Na uku, wayar da ke hannunka yanzu. Ni ma ta nan nake isar da wannan saƙo, don haka ba na cewa haramun ce. Da ita ake sanin farashi, da ita ake tallata kaya, da ita ake sauraron karatu. Amma yi lissafi: awa 2 kullum a TikTok da Facebook, a shekara awa 730 ke nan. In ka raba da wunin aiki na awa 8, kwana 91 ne. Wata uku cur, kusan tsawon damina guda. Mai saye yana tsaye a gaban rumfa, yaron shago ya sunkuyar da kai yana dariya shi kaɗai. Mai sayen ba zai yi faɗa ba, gaba kawai zai yi, kuma ba lallai ya dawo ba.

Iyayenmu mata da 'yan uwanmu masu sana'a a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura da ɗinki, wannan lissafi ya shafe ku. Ki duba wace sana'a ce ke barin wani abu bayan an cire itace da wahala, ki riƙe ta da kyau. Sannan ina roƙonku don Allah: lokacin makarantar yarinya ba jarin talla ba ne. Ribar da za ta kawo a tire da safe ba ta kai abin da aka cire mata na karatu da tarbiyya ba. Wannan shi ne ainihin cinikin da aka kwari mutum a cikinsa.

WACE RIBA MUKE NUFI?

Kada wani ya ce Liman ya ce a bi inda kuɗi ya fi yawa ko ta halin ƙaƙa. A'a. Algus yana kawo kuɗi da sauri. Tauye mudu, zuba tsakuwa ko ƙaiƙayi a gindin buhu, jera manyan albasa a baki a ɓoye ƙanana a ciki, sayen dabbar da ka san ta sata ce don ta yi arha a kara, kai wa ɓarayin daji mai da abinci don sun fi biya: duk waɗannan a lissafin awa suna iya fin kowace sana'a. A lissafin Allah kuwa wuta ce mutum ke tarawa. Sura guda aka saukar da sunan masu tauye awo. Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya nuna cewa mai algus ba ya tare da mu. Ya kuma bayyana cewa gaskiya da bayyana aibin kaya suna jawo albarka a ciniki, ƙarya da ɓoyewa suna shafe ta.

Saboda haka tacewa biyu ce. Ta farko: halal ne? In ba halal ba ne, maganar ta ƙare, ba a ma kawo shi teburin lissafi. Ta biyu: a cikin halal ɗin, wanne ya fi amfani? Kuma sanin halal da haram a ciniki sai da karatu. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya hana wanda bai fahimci addini ba yin ciniki a kasuwar Musulmi. Babin ciniki yana nan a cikin Risala, malamai suna nan a zaurukanmu. Awa ɗaya a mako da za ka ba wannan karatu tana cikin mafi ribar awowinka.

Wani zai ce: ai zafin nema ba ya kawo samu, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Gaskiya ne arziki na Allah ne, kuma sau da yawa mutum yana tsara komai daidai Allah Ya jarrabe shi da faɗuwa. Amma hadisin tawakkali da tsuntsu ya buga misali, kuma tsuntsun da aka ambata fita yake da safe da yunwa ya dawo da yamma a ƙoshe. Ba a cikin sheƙa aka kai masa ba. Karin maganar tana hana haɗama ne da zari, ba ta hana tsari ba.

MAGABATANMU NA KUSA

Ba sai mun je nesa ba. Tarihin garin Tambuwal yana haɗe da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, kuma garuruwan ribaɗi na wancan zamani mutanensu suna tsaro, suna noma, suna karatu, duk a lokaci guda. Shehu Abdullahi na Gwandu, wanda ya rasu a 1829, ya rubuta tafsirin Alƙur'ani sukutum, Liya'ut Ta'awili, ga ɗawainiyar jama'a a kansa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, duk da yaƙe-yaƙe da shugabanci, ya samu lokacin rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen neman na kai, Tanbihus Sahibi ala Ahkamil Makasibi, yana zaburar da mutane su riƙi sana'a su bar dogaro da hannun wasu. Ba su da lantarki, ba su da mota, ba su da waya, kuma su ma zamaninsu ba na kwanciyar hankali ba ne. Awa 24 ɗin nan dai ita suka samu. Sun san abin da za su sa a gaba ne, suka bar abin da ba shi da amfani.

Kuma ba su kashe kansu ba. Salmanul Farisi (RA) ya tunatar da Abud Darda'i (RA) cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, jikinsa yana da haƙƙi, iyalinsa suna da haƙƙi, Annabi (SAW) kuma ya gaskata shi. Uban da 'ya'yansa ba sa ganinsa sai yana barci, ko ya tara miliyoyi akwai faɗuwa a littafinsa. Amfanin tsara lokaci shi ne ka gama nemanka da wuri, ka samu sahun farko, ka ci tuwo da iyalinka, ka duba allon ɗanka.

ABIN DA NAKE ROƘO A WANNAN MAKON

Ɗan uwa, kada ka karanta ka ce "Allah Ya saka" ka wuce. Ka gwada abu uku na kwana bakwai kacal.

1. Kowane dare bayan Isha'i ka rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita, da awa nawa ka ba kowane aiki. Kada ka yi wa kanka ƙarya, har da na waya da na majalisa.

2. Kafin ka kwanta ka zaɓi aiki ɗaya da ya fi muhimmanci gobe, ka fara da shi bayan Asuba da azkar, kafin ka buɗe data.

3. Ranar Juma'a bayan an sauko, ka duba littafin. Abin da ke cin lokaci ba ya kawo komai, duniya ko lahira, ka rage shi. Abin da wani zai iya yi maka, ka ba shi ka biya shi haƙƙinsa. Abin da ke ciyar da gidanka, ka ƙara masa ƙarfi.

Allah Ya sanya albarka a cikin kwanakinmu da kasuwancinmu. Allah Ya azurta mu da halal mai yalwa, Ya tsare mu daga haram komai ƙyallinsa. Allah Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya buɗa wa wanda jarinsa ya karye. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Tambuwal da Kebbe da jihar Sakkwato da Najeriya baki ɗaya, Ya tsare matafiyanmu a kan hanya. Allah Ya sa mu cika da imani.

Wanda ya ga akwai amfani ya isar wa ɗan uwansa da ke kasuwa, musamman wanda ba ya karatu, a karanta masa.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.